Wa za ka bari ya leƙa cikin kenel? Kwatancen hanyoyin saita perf a Linux

Duk wanda ya taɓa zama gaban na'urar Linux yana neman abin da ya sa manhajarsa ke tafiyar hawainiya ya san wannan lokacin. Ka rubuta `perf record`, umarnin perf, wato kayan aikin Linux mai auna inda manhaja ke cinye lokaci, ka danna, maimakon sakamako sai na'ura ta ce ba ka da izini, ta kuma nuna maka wani fayil mai suna `/proc/sys/kernel/perf_event_paranoid`. Ka garzaya intanet, amsar farko da za ka ci karo da ita ita ce ka sa -1 a ciki, domin lambar da ke fayil ɗin ce ke ƙayyade abin da asusun gama-gari zai iya aunawa, -1 kuma ita ce mafi sassauci. Ka sa, komai ya tafi daidai, ka ci gaba da harkarka.

Ni ma na taɓa yin haka a wata saba da mu da yawa muke shiga. Don kada saitin ya goge in an sake kunna na'urar, har fayil na ajiye a `/etc/sysctl.d/`. Aikin da ya sa na buɗe ƙofar ya ƙare a yini ɗaya, fayil ɗin kuwa ya yi watanni yana nan, sai da muka zo duba saitin sabar gaba ɗaya na gan shi da sunan da ni na raɗa masa. Ba wanda ya yi ɓarna, amma a duk tsawon lokacin kowane asusu a na'urar, har da wanda ke gudanar da shafin intanet, yana da ikon kallon abin da kenel da ayyukan sauran mutane ke yi. Tun daga ranar nake ɗaukar wannan lamba ɗaya da muhimmanci.

## Me perf ke gani, kuma ina haɗarin yake?

Kenel shi ne zuciyar Linux, shi ke raba wa manhajoji lokacin firosesa da memori, shi ke tsare iyaka tsakanin wannan mai amfani da wancan. A cikin firosesa kuma akwai wasu ƙananan ma'aunai da ke ƙirga abin da ke faruwa: umarni nawa aka zartar, sau nawa aka nemi bayani a ma'ajiyar kusa ba a samu ba, sau nawa firosesa ta yi hasashen hanyar da shiri zai bi ta kuskure. A 2009, cikin Linux 2.6.31, Ingo Molnar da Thomas Gleixner suka shigo da tsarin da ke ba manhajoji damar karanta waɗannan ma'aunai ta ƙofa guda, wadda yanzu ake kira `perf_event_open`. Ta nan perf ke shiga, ta nan kayan aiki irin su VTune na Intel, PAPI, async-profiler na masu Java da rr mai bin sawun kurakurai su ma suke shiga.

Haɗarin kashi biyu ne, kuma rashin raba su shi ke sa mutane zaɓen tumun dare.

Na farko fitar sirri ne ta hanyar da aka tsara. In perf na ɗaukar samfuri, yana rubuta adireshin umarnin da firosesa ke kai a daidai lokacin, yana iya haɗawa da abin da ke cikin rajistoci da jerin ayyukan da suka kira juna. In samfurin ya faɗo lokacin da ake cikin kenel, adireshin kenel ne ya fita. Linux kuwa yana sauya wurin zaman kenel a memori duk sanda aka kunna na'ura, dabarar da ake kira KASLR, don mai kutse ya rasa inda zai nufa. Adireshi ɗaya tak ya isa ya lissafo sauran. Haka kuma ƙidayar ma'ajiyar kusa da ta hasashen hanya suna iya tona yadda wani shiri ke sarrafa makullin sirri, ko da mai leƙen bai taɓa memorin shirin ba. Tun da Spectre da Meltdown, ɓaraka biyu a ƙirar firosesa, suka bayyana a Janairun 2018 ba wanda ke raina irin wannan leƙe ta bayan katanga. A Nuwamban 2020 ma masu bincike daga Jami'ar Fasaha ta Graz da abokan aikinsu sun nuna, a harin da suka kira PLATYPUS, cewa ma'aunin wutar da firosesar Intel ke sha kaɗai na iya fitar da makullan sirri. Ta wani fayil na daban suka karanta ma'aunin, kuma gyaran da aka yi shi ne hana kowa karanta shi sai mai cikakken iko.

Na biyu kurakurai ne a cikin lambobin perf kansu, wato rubutun shirinsa da ke cikin kenel. Sashe ne babba mai sarƙaƙiya, yana hulɗa da mai raba lokaci, da katsewar gaggawa daga firosesa, da nau'o'in firosesa barkatai. A irin wannan wuri ba a rasa ɓaraka, kuma ɓaraka a kenel na iya mayar da ɗan ƙaramin asusu ya zama root, wato asusu mai cikakken iko. Wanda ya fi shahara shi ne kuskuren da aka yi wa rajista da lambar CVE-2013-2094. A aikin `perf_swevent_init` an zuba lamba mai faɗin bit 64 cikin mazubi mai bit 32, aka duba ko ta wuce iyakar sama, aka manta da duba ko ta koma ƙasa da sifili. Da wannan mai kutse ke sa kenel ya ƙara ɗaya a wani wurin memori da bai kamata ya taɓa ba, daga nan ya kai ga cikakken iko. Kuskuren ya zauna daga Linux 2.6.37 har sai 3.8.9, ya kuma shiga kenel ɗin CentOS 6, wani nau'in Linux, saboda an kwaso lambobin zuwa can. Gyaran layi ɗaya ne. A Mayun 2013 manhajar kutsen ta bazu a fili. Vince Weaver na Jami'ar Maine ya rubuta perf_fuzzer, manhajar da ke ta jefa wa wannan ƙofa buƙatun shirme don ganin inda za ta karye, kuma ta yi ta tono kurakurai shekara da shekaru. Ba a ce labarin ya wuce ba: a 2023 kaɗai an samu CVE-2023-2235, CVE-2023-5717 da CVE-2023-6931, duk a wajen sarrafa rukunin ma'aunai.

## Ma'aunan da zan yi amfani da su

Kafin a duba zaɓi ko ɗaya, ga tambayoyin da nake yi wa kowanne. Sirri nawa yake bari ya fita ko da babu kuskure a kenel? Ƙofar kurakurai a buɗe take ga kowa ko a rufe? Me zai ci maka, wato wane aiki ne zai gagara ko wane lokaci za ka ɓata, tunda duk hanyoyin kyauta suke, ba kuɗi ake biya ba? Zai dore bayan sabunta manhaja da sake kunna na'ura, ko sai an riƙa bibiya? Sai sauƙin kafawa.

Akwai kuma tambayar da ta fi waɗannan duka nauyi, wadda ba a saitin take ba: su waye a kan na'urar? Kada ka ƙirga mutane kaɗai. Asusun da ke gudanar da shafin intanet mai amfani ne, kwantena, wato keɓaɓɓen wurin gudanar da manhaja a kan kenel ɗin na'urar, wadda ke gwada lambobin da baƙi suka turo mai amfani ce, haka ma duk wata manhaja da ka sauko da ita ba ka karanta cikinta ba. Saitin `perf_event_paranoid` guda ɗaya ne ga na'ura baki ɗaya, bai san kwantena ba, bai san amintacce ba.

## Zaɓi na farko: -1 ko 0

A -1 kusan babu shinge. Kowa na iya auna duk firosesoshin na'urar, ya ga ayyukan kowa, ya leƙa kenel, ya karanta ɗanyen bayanan da ke fitowa daga wuraren sa ido na cikin kenel, waɗanda ke ɗauke da abubuwa kamar sunayen fayilolin da wasu ke buɗewa. Har iyakar memorin da perf ke iya kullewa, wadda a asali kilobait 516 ce, ana ɗage ta. A 0 an hana ɗanyen bayanan nan da bin sawun ayyukan kenel ɗaya bayan ɗaya, amma auna na'ura gaba ɗaya yana nan.

Sauƙi dai ba a magana, layi ɗaya ne. Dorewa ma haka, kuma a nan dorewar ce matsalar, kamar yadda ta faru da ni. Ta fuskar sirri shi ne mafi muni: mai ƙaramin asusu zai iya zama yana kallon lokacin da wani ke buga kalmar sirri, ko ya auna shirin ɓoye bayanai na wani mutum daga gefe. Ban ga hujjar barin wannan a na'urar da ta wuce mutum ɗaya ba. Inda ya dace shi ne na'urar gwaji da aka ware don aunawa kawai, wadda babu sirrin kowa a ciki, za a kuma goge ta in an gama.

## Zaɓi na biyu: 1

Wannan shi ne saitin asali na Linux har zuwa 2016. Mutum na auna ayyukansa kaɗai, amma yana bin su har cikin kenel. Ga mai rubuta manhaja wannan babban abu ne, domin sau da yawa jinkirin ba a lambobinsa yake ba, yana wajen karanta faifai, ko jiran makulli, ko hanyar sadarwa. Shi ya sa async-profiler ke ba da shawarar 1, rr ma ya daɗe yana neman 1.

Ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Tun daga Linux 4.15, in `kptr_restrict`, saitin ɓoye adireshin kenel, yana 0 kuma `perf_event_paranoid` bai wuce 1 ba, fayil ɗin `/proc/kallsyms` na nuna wa kowa ainihin adireshin kowane aiki a kenel. Gwada da kanka a na'urar gwaji: a mataki na 2 ka buɗe fayil ɗin da asusun gama-gari, za ka ga layi bayan layi na sifili zalla a gaban sunaye. Sauke lambar zuwa 1 ka sake buɗewa, sai sifilin nan su koma adireshi na gaske masu farawa da `ffffffff`. Masu kenel sun yi haka da gangan, bisa hujjar cewa wanda aka bari ya auna kenel ya riga ya samu adireshin, ɓoye masa fayil ɗin wahalar da shi ne kawai. Ma'ana, ranar da ka sa 1 ka yafe KASLR ga duk wanda ke cikin na'urar. Ɗaga `kptr_restrict` zai rufe fayil ɗin, amma ba zai hana adireshi fitowa a cikin samfuran perf ba, sai dai rahoton ya zo babu sunaye.

Wasu za su ce ai KASLR dama ba katanga mai ƙarfi ba ce ga wanda ya riga ya shigo, an sha karya ta ta wasu hanyoyi. Gaskiya ne. Amma tana ƙara wa mai kutse mataki ɗaya, kuma a na'urar da ake rabawa ban ga dalilin sauƙaƙa masa ba. A kwamfutar mutum ɗaya mai aikin rubuta manhaja kullum, ina ganin 1 ciniki ne da za a iya karɓa da ido buɗe.

## Zaɓi na uku: 2

Daga Linux 4.6, a Mayun 2016, saitin asali ya koma 2, kuma shi za ka tarar a Fedora da Arch. Mutum na auna ayyukansa, a ɓangaren mai amfani kawai. Babu adireshin kenel, babu ayyukan wasu. Ba ka yin komai don samunsa, ba ya lalacewa da sabuntawa, kuma ya ishi mafi yawan aikin gyaran saurin manhaja: za ka ga wane aiki ne ke cinye lokaci, ka ƙirga kuskuren hasashe da na ma'ajiyar kusa.

Ta fuskar fitar sirri ya yi kyau ƙwarai. Inda mutane ke ruɗuwa shi ne ɗaukar cewa ya rufe ƙofar kurakurai. Bai rufe ba. A mataki na 2 kowa na iya kiran `perf_event_open`, abin da kenel ke dubawa kawai shi ne ko mai kiran ya ɗaga tutar da ke cewa ban da kenel. In ya ɗaga, an wuce da shi ciki, kuma lambobin da ke buɗe ma'auni, su haɗa rukuni, su raba wa 'ya'yan shiri, su rufe, duk suna gudana kamar kullum. Kuskuren 2013 ma haka yake: sa 2 na iya dakatar da manhajar kutsen da ba ta ɗaga tutar ba, amma mai kutsen da ya san abin da yake yi bit ɗaya zai sauya ya wuce. Don haka tsaron mataki na 2 ya rataya ne a kan saurin sabunta kenel. In kana sabuntawa a kan kari kana sake kunna na'ura, haɗarin ɗan taƙi ne tsakanin bayyanar kuskure da isowar gyara. In kuwa sabarka kan shekara ba a taɓa ta ba, wannan taƙin ya zama shekara.

## Zaɓi na huɗu: rufewa gaba ɗaya, 3 ko 4

Tunanin ya samo asali ne daga grsecurity na Brad Spengler, tarin gyare-gyaren ƙarfafa tsaron kenel. Ben Hutchings ya mayar da shi faci, wato gyaran da ake ɗora wa lambobin kenel, ga Debian, Android ma ta ɗauka: in lambar ta kai 3, marar iko ba ya ko taɓa ƙofar. Ubuntu na da irinsa, inda ake ganin 4. A 2016 Jeff Vander Stoep na Google ya kai facin don a shigar da shi asalin kenel, Kees Cook ya goyi baya, Peter Zijlstra mai kula da perf ya ƙi. Hujjarsa ita ce makunni ɗaya mai kashe wa kowa abu ne mai gautsi, kuma da zarar nau'o'in Linux sun mai da shi saitin asali, masu rubuta manhaja sun rasa kayan aikinsu. Masu goyon baya kuma suka ce mafi yawan wayoyi da sabobi ba a taɓa auna komai a kansu, me zai sa su ɗauki haɗarin abin da ba sa amfani da shi? Ina ganin kowane ɓangare na da gaskiyarsa, amma ga wayar da ke hannun wanda bai ma san akwai perf ba, hujjar Google ta fi ƙarfi.

Abin da wannan saɓani ya haifar shi ne tarko ga mai kula da na'ura. Facin bai shiga asalin kenel ba har yau, saboda haka a kenel ɗin da ba shi da shi, ka rubuta 3 ko 4 na'ura za ta karɓa ba musu, amma aikin 2 za ta yi. Na sha ganin jerin shawarwarin tsaro da ke cewa a sa 3 ba tare da faɗin wannan ba. Hanyar tabbatarwa ba wuya: bayan ka sa, shiga da asusun gama-gari ka rubuta `perf stat ls`. In ya kawo ƙidaya, ƙofa a buɗe take. Cire perf daga kenel ɗungurungum ma ba mafita ba ce a x86, domin tsarin ginin kenel na wannan firosesa yana shigo da shi dole.

Inda facin yake, shi ne mafi ƙarfi a duka haɗuran biyu, kuma yana dorewa. Tsadarsa ita ce duk mai son aunawa sai ya nemi iko, kuma a nan ake yin kuskuren da ya fi na -1 muni: a ba mutane `sudo perf`, wato damar gudanar da perf da ikon root. Aikin perf ya haɗa da tayar da duk shirin da aka ba shi don ya auna. Wanda aka ba `sudo perf` in ya rubuta `sudo perf stat /bin/sh`, ya samu tagar umarni ta root, shi ke nan. An gudu daga yayyafi an faɗa kogi. In mutanen dama masu cikakken iko ne, ba komai. In ba su ba ne, sai a duba zaɓi na gaba.

## Zaɓi na biyar: izinin CAP_PERFMON ga 'yan kaɗan

Kafin 2020, hanyar tsallake waɗannan shingaye ita ce CAP_SYS_ADMIN, izinin da ya tattara iko mai yawa har ana ɗaukarsa tamkar root. A Linux 5.8, Agustan 2020, aikin Alexey Budankov na Intel ya ware CAP_PERFMON, izinin aunawa shi kaɗai. Takardun kenel sun bayyana yadda ake amfani da shi: a buɗe rukuni, a ce `perf_users`, a mayar da fayil ɗin perf mallakar rukunin, a hana sauran mutane gudanar da shi, sannan a liƙa masa izini da `setcap`. Ana haɗawa da CAP_SYSLOG in ana son sunayen ayyukan kenel su fito, da CAP_IPC_LOCK in ana son ƙarin memori. A 5.8 sai an ƙara CAP_SYS_PTRACE, daga 5.9 kuwa ba a bukatarsa.

Fifikonsa a kan sudo a bayyane yake: shirin da perf ya tayar ba ya gadon izinin, don haka babu tagar root. Fifikonsa a kan sauke lamba kuma shi ne mutum uku ko biyar ne suka samu ido, asusun shafin intanet bai samu ba. Wannan shi nake zaɓa a duk na'urar da ake rabawa, amma ba zan ɓoye wahalarsa ba, domin shi ya fi kowanne neman kulawa.

Izinin a jikin fayil yake, saboda haka duk sanda aka sabunta kunshin perf aka sauya fayil ɗin, izinin ya tafi, sai an sake liƙawa. A nau'o'in Ubuntu da yawa abin da ke `/usr/bin/perf` ɗan rubutu ne mai tura ka zuwa ainihin perf na kenel ɗin da ke gudana, kuma `setcap` ba ya aiki a kan irin wannan rubutu, sai ka nemo ainihin fayil ɗin, wanda ke sauyawa da kowane sabon kenel. Wanda bai sa wannan cikin tsarin da ke saita na'urorinsa kai tsaye ba zai gaji, in ya gaji kuma -1 zai koma. Sannan facin mataki na 3 an rubuta shi ne tun kafin a haifi CAP_PERFMON, lokacin CAP_SYS_ADMIN yake dubawa, don haka in za ka haɗa su biyun ka gwada a nau'in Linux ɗinka kafin ka dogara.

Kada kuma a ɗauki izinin da wasa don sunansa ƙarami ne. Mai shi na ganin kenel da ayyukan kowa, kuma in aka haɗa masa da CAP_BPF yana iya ɗora shirye-shiryen sa ido masu karanta memorin kenel. Amana ce ake ba mutum, a zaɓi wanda za a ba.

## Kwantena da shingen da ke gefe

Docker, manhajar gudanar da kwantena, a saitinsa na asali yana toshe `perf_event_open` da seccomp, matatar da ke tace kiran da shiri zai iya yi wa kenel, don haka kwantenar gama-gari ba ta kai wa ƙofar ko da lambar na'ura 2 ce. Kubernetes kuwa, mai tafiyar da kwantenoni a kan sabobi da yawa, ba ya ɗora wannan matata sai an ce ya ɗora, ta hanyar zaɓar `RuntimeDefault`. Wanda ya saba da Docker ya koma can yakan ɗauka kariyar ta biyo shi. Tun Linux 5.5 kuma, ta aikin Joel Fernandes, SELinux, tsarin dokokin izini na cikin kenel, na iya yanke hukunci a kan perf shiri-shiri, wanda shi ne amsa ga ƙorafin Zijlstra a kan makunni ɗaya mai kashe wa kowa. Yana da ƙarfi, amma sai wanda ya iya rubuta dokokin SELinux. A kenel ɗin da ba shi da facin mataki na 3, waɗannan biyun su ne hanyar rufe ƙofar da gaske, kuma systemd, mai tayar da hidimomin na'ura, shi ma na iya toshe kiran ga kowace hidima da `SystemCallFilter`.

| Zaɓi | Fitar sirri | Ƙofar kurakurai | Abin da zai ci maka | Dorewa | Sauƙi |
|---|---|---|---|---|---|
| -1 ko 0 | Mai yawa ƙwarai | A buɗe ga kowa | Ba komai | Yana dorewa, ana mantawa da shi | Layi ɗaya |
| 1 | Adireshin kenel | A buɗe ga kowa | Ba a auna na'ura gaba ɗaya | Yana dorewa | Layi ɗaya |
| 2 | Kaɗan | A buɗe ga kowa | Ba a ganin cikin kenel | Yana dorewa | Ba a yin komai |
| 3 ko 4 | Babu ta wannan hanya | A rufe, in akwai faci | Ba aunawa sai da iko | Ya danganta da kenel | Sauƙi, amma a gwada |
| CAP_PERFMON | Ga 'yan rukuni kaɗai | Yadda lambar na'ura ta bari | Lokacin kafawa da bibiya | Yana gogewa da sabuntawa | Matsakaici |

Abu ɗaya da teburin bai nuna ba shi ne fayil ɗin `perf.data` kansa. In ka yi amfani da `--call-graph dwarf`, perf na kwafo bait 8192 daga memorin aikin shirin a kowane samfuri. Duk abin da ke wurin a lokacin, kalmar sirri ce ko makulli ko bayanan abokin ciniki, ya shiga fayil ɗin. Mutane kan tura shi ga abokan aiki ko su liƙa shi a rahoton kuskure a fili ba tare da tunanin komai ba. Ko wane zaɓi ka ɗauka, ka riƙe wannan fayil kamar yadda za ka riƙe kwafin memorin shirin.

## Wanne ya dace da wa

In kwamfutarka ce kai kaɗai kana rubuta manhaja, zauna a 2. Ranar da kake bukatar ganin cikin kenel, sauke zuwa 1 da `sysctl -w`, wanda ke gogewa da kansa in an sake kunna na'ura, kada ka rubuta shi a fayil. In aikinka na kullum ne da rr ko async-profiler, barin 1 dindindin abin karɓa ne, muddin ba ka gudanar da lambobin da ba ka yarda da su ba a wannan na'urar.

In saba ce mai fuskantar intanet wadda ba a auna komai a kanta sai an samu matsala, rufe. A Debian ko Ubuntu bar lambar yadda ta zo. A inda babu facin, bar 2 ka toshe kiran ga hidimomin da ke karɓar baƙi ta seccomp ko systemd. Ranar matsala mai cikakken iko ya auna da kansa.

In na'ura ce ta jama'a, irin ta jami'a ko cibiyar lissafi inda ɗalibai da masu bincike ke bukatar ƙidayar firosesa don aikinsu, rufewa gaba ɗaya zai kashe amfanin na'urar. A nan 2 ne daidai, tare da sabunta kenel ba jinkiri, sai rukunin CAP_PERFMON ga ma'aikatan da ke kula da ita. In wani mai bincike ya dage sai ya auna na'ura gaba ɗaya, a ware masa na'ura guda na tsawon aikinsa, kada a sauke wa kowa lamba saboda shi.

In kana gudanar da lambobin baƙi, kamar na'urorin gwajin da ke karɓar gyara daga kowa ko kwantenonin abokan ciniki daban-daban a kenel ɗaya, ƙofar kurakurai ita ce babbar damuwarka, kuma 2 bai wadatar ba. Tabbatar matatar seccomp na kan kowace kwantena, ka shiga ɗaya daga ciki ka gwada `perf stat ls` da idonka, kuma kada ka ba kwantenar baƙo CAP_PERFMON ko da ya roƙa. Aikin sa ido na dindindin a bar wa hidima guda taka, mai asusunta na daban, wadda systemd ya ba izinin ta `AmbientCapabilities`, don kada sabunta kunshin perf ya shafe shi.